Shekarar da Saniya Ta Ci Jirgi

Laminu, an gaya mini ka yi fushi saboda na mayar maka da saƙon da ka aiko daga Yamai: naɗin waya mai sheƙi, da ƙananan ƙusoshi a gwangwani, da kwalbar gam irin ta Turawa. Wai ka ce tsufa ya fara taɓa ni, mutum ya wahala don ya faranta wa ubansa rai, uban ya sa direba ya juya da kaya. Ba tsufa ba ne, ko da yake shi ma yana nan yana aikinsa. Akwai dalili, kuma da na yi niyyar in tafi da shi kabari. Abin da ya hana ni wata magana ce da na tsinta ranar sadakar ukun Innarku, daga bakin matan da ke tuƙa tuwo a bayan zana. Wata tana gaya wa wata cewa marigayiyar ta sha haƙuri, don har jini na taɓa fitar mata a kan jirgin kara. Ɗayar ta ce ai ita ma Hajo ba kanwar lasa ba ce, da gayya ta zuba wa saniya jiragen. Ina zaune a kan tabarma ana yi mini gaisuwa, kunnena yana bayan zana. Ashe shekara da shekaru maganar da ke yawo a Dakoro ke nan, kuma na tabbata ku ma kun sha ta kun haɗiye. Lokacin da abin ya faru kai kana karatu a Maraɗi, Rabi tana gidan mijinta a Ɗan Gulbi, ƙananan kuwa mun tura su wurin kakarsu. To ku saurara in gaya muku yadda aka yi, tun da wadda za ta gyara mini in na karkace ba ta nan.

Kun san na yi ƙuruciyata a Kwatano ina dakon buhu a tashar jiragen ruwa. Abin da ba ku sani ba shi ne, ranar da na fara ganin jirgi tsayawa na yi cak ina kallo. Ni ɗan tudu, wanda ruwa mafi girma da ya sani shi ne tabkin damina da jakai ke sha, sai ga unguwa guda ta ƙarfe tana tafiya a kan ruwa, da benaye da fitilu da hayaƙi. Na yi shekaru ina shiga cikinsu ina fitowa da shinkafa a ka, mamakin bai sake ni ba. Da ƙugu ya gaza na dawo gida, sai na tarar idona ya saba da abin da babu shi a nan. Wata rana bayan girbi ina zaune a gona ina feƙe kara da reza don rashin aikin yi, ban farga ba sai ga goshin jirgi a hannuna.

Daga nan abin ya zama ciwo. Ba wasan yara nake yi ba, ko da yake duk gari haka suka ɗauka. A Kwatano na sha auna jirage da ƙafa, ina bin gaɓa daga goshi zuwa wutsiya, saboda haka na yanke wa kaina ƙa'ida: taki biyu na jirgin gaskiya, faɗin yatsa guda a nawa. In ka saɓa wannan, akwati mai hanci za ka samu, ba jirgi ba. Nakan zaɓi karan dawa mai kauri wanda ya bushe a tsaye, in ɓare shi, in yanka totuwar falle-falle kamar katako, in manna da ƙaro da na dafa da ɗan kunu. Jan gindin jirgi da karan dafi nake rina shi, baƙin jikin kuwa da kunkunniyar madafa. Sai dai totuwa ba ta da ƙashi, zafin bazara yana lanƙwasa ta. Sai na gano dabara: in yayyanka wayar ƙafar keke tsawon yatsa, in wasa bakinta, in soke ta can cikin haƙarƙarin jirgi, in shafe wurin da ƙaro har ni kaina sai na lalaba kafin in gane. Ina ji da wannan dabara, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba. Na tara jiragen a ɗakin da ke kusa da zaure na sa masa kwaɗo, mabuɗin yana aljihuna ko masallaci za ni. Babban cikinsu ya kai tsawon mutum a kwance. Rani uku na yi a kansa, har da anga na yi masa da ƙusa, wato ƙugiyar nan da ake jefawa ƙasan ruwa ta riƙe jirgi. Innarku takan leƙo ta taga ta girgiza kai.

"Malam," in ji ta, "in ruwan Annabi Nuhu ya komo, tururuwan gidan ga dai sun tsira."

Mutum ɗaya ne na taɓa buɗe wa ɗakin nan, shi ne Sambo. Bafillace ne mai jajayen shanu masu dogon ƙaho, yana kiwo can wajen Azagor. Kowace kaka yakan sauke garkensa a gonata su ci kara su bar mini taki, ranar kasuwa kuma a gidana yake jingine sandarsa. Ya daɗe yana zagaya jiragen, sanda a bayan wuya, hannuwa a rataye, bai taɓa ko ɗaya ba.

"Kaɗo," ya ce, wato Bahaushe, don da haka yake tsokanata, "garkenka na da kyau. Amma ba shi numfashi, ba shi haihuwa. Mutum ba shi zama hakanan."

Kasuwa ta zagayo sai ga shi da jar karsana a igiya. Ba kyauta ba ce, ba kuma saye ba. Haɓɓanaye suke ce mata. Bafillace ya ɗaura wa wanda yake ƙauna saniya, ta zauna a hannunsa har ta haihu sau uku, 'ya'yan duk na wanda aka ɗaura wa ne, sannan ya mayar da uwar. In ta mutu a hannunka ba a biya, ba a ma tayar da maganar. Shi ya sa nauyinta ya fi na kowace irin ajiya, don kunya ce kaɗai ke tsaronta. Sunan karsanar Woɗe. Sambo ya gaya mini daga tsatson saniyar da ubansa ya ba shi ranar suna ta fito. Innarku ce ta ɗauki hidimarta, har hira take yi da ita in tana shara.

Woɗe ta ɗauki cikin fari a shekarar da damina ta yi mana gardama. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, daji ya zama kamar tafin hannu. Sambo ya kora garkensa kudu da wuri, bai ko tsaya a gonata ba, don babu abin tsayawa. Kafin bazara ta raba, kara ya zama abin da ake ɓoyewa a ɗaki. Na ga dattawa suna kwance rufin bukkokinsu suna ba dabbobi, na ga shanu suna cin kwali da tsumma a juji. Da safe sai ka ji ana kiran maƙwabta a zo a ɗaga saniya da itace, don in ta kwanta ba ta iya tashi da kanta. Mu ma mun ba Woɗe zanar bayan gida, muka ba ta rufin madafa, muka ba ta jinkar rumbu, tun da rumbun ba shi da abin da zai rufe. Innarku takan tsinto kwali a kasuwa ta jiƙa da ruwan kanwa. Cikin saniyar yana girma, sauran jikin yana ƙarewa, har kana iya rataye hula a ƙugunta.

Ana cikin haka wata Bafillata 'yar'uwar Sambo ta shigo gidan tana tallar ƙorenta na jere. Ganin haka kaɗai ya isa ya tsinka wa mutum zuciya, don Bafillata ba ta sayar da waɗannan ƙore sai duniya ta juya mata baya. Tana ɗaga kai ta ga Woɗe, sai ta ajiye kayan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

"Wagga ita ɗai ta rage," ta ce. "Shanun Sambo dut sun kwanta kan hanyar kudu. Ko maraƙi bai tsira ba."

Na ji kamar an kwara mini ruwan randa. Garken da in ya sauka a gonata ƙasa ba ta ganuwa, wai babu ko ɗaya. Har zuwa ranar nan amanar aboki nake riƙe da ita. Daga ranar nan kuwa irin gida guda ne a ɗaure a turkena, abin da kakannin mutum suka bar masa, duk ya taru a cikin wannan ƙwarangwal mai ciki. Ni da Innarku muka dubi juna.

Na ji ƙishin-ƙishin cewa wani a Bader Gula ya ɓoye harawa, na bi motar kasuwa na tafi. Na tarar labarin ya fi harawar yawa. Na kwana can ina bin gida-gida, na dawo washegari da azahar da 'yar dusa a gindin buhu. Ina shiga zaure na ga ƙofar ɗakin jirage a buɗe, kwaɗon yana lilo, an ɓalle shi da gatari. Na leƙa. Babu komai. Katakan da na jera su a kai suna nan, da sawun gindin kowane jirgi a cikin ƙura, amma jiragen babu. Buhun ya suɓuce daga hannuna. Na ratsa tsakar gida kamar mai tafiya a cikin barci, sai ga Woɗe a tsaye, a tsaye da ƙafafunta ba wanda ya tallabe ta, bakinta ja wur da karan dafi, tana tauna. A gabanta ga babban daron wanki cike da ruwan kanwa, rabin babban jirgina yana yawo a ciki, goshinsa a sama. Karo na farko ke nan da jirgin da na ƙera ya taɓa ruwa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, a wannan tsayuwar na ji kamar an yi mini mutuwa. Aikin shekaru, idona da ya lalace a kansa, Kwatano ɗina gaba ɗaya, yana gangarawa maƙogwaron saniya. Innarku tana durƙushe a gefen daron, hannuwanta sun yi jajir, ba ta ko miƙe ba.

"Malam, jiya da hantsi ta hwaɗi," ta ce. "Munka ɗaga ta da itace ta koma. Na ba ta tabarmar sallata ta cinye. Ba abin da ya rage gidan ga mai kama da kara sai ɗakinka. In sakina za ka yi ka yi, amma ka bari ta ƙare ci."

Sai ta jawo wani faifai ta tura gabana.

"Ga ƙarahunanka nan. Ɗai-ɗai na bi na cire, ko guda ban bari ba."

Na dubi faifan. Ga 'yan wayoyin da nake yin shinge da su a saman jirgi, ga ƙugiyoyin ɗaga kaya, ga sarƙoƙi, ta jera su tsaf kamar kayan kwalliya. Duk abin da ido ke gani ta cire. Amma babu wayar keke ko guda. Ina za ta gan ta, abin da ni na ɓoye da hannuna har na shafe da ƙaro? A nan ne jiragen suka fita daga raina fit, wani abu mai sanyi ya shiga madadinsu. Ihun da maƙwabta suka ji ke nan, kuma ba da Innarku nake ba.

"Ƙarhe! Akwai ƙarhe ciki! Hajo, akwai ƙarhe!"

Na hamɓare daron, na cafki muƙamuƙin saniyar na zura hannu har gwiwar hannu a bakinta ina yakuto abin da ke ciki. Woɗe ta firgita ta wurga kai, ƙahon ya sami Innarku a goshi, ta faɗi. Ko da mutane suka ɓarko gidan, abin da suka gani shi ne ni a tsaye ina kururuwa, daro a kife, matata a ƙasa jini yana bin fuskarta, ga gutsattsarin jirgi ko'ina. In ni ne na shigo na ga haka, abin da suka ɗauka zan ɗauka. Wannan shi ne tabon da kuka sani a goshinta. Ƙahon Woɗe ne, Allah shi ne shaida, ban taɓa ɗaga wa uwarku hannu ba.

Da aka watse na ɗauki ragowar jirgin na karya a gabanta. Ga su nan a jere cikin totuwa, masu tsini kamar allurar ɗinkin buhu. Ta daɗe tana kallo, jinin yana ɗiga a zanenta ba ta share ba.

"Inna lillahi," ta ce a hankali. "Da hannuna na ba ta. Ina ba ta ina yi mata kirari."

Na ruga na ɗauko likitan dabbobi. Ya ce abu ɗaya ya rage, a ɗura mata mayen ƙarfe ya zauna a tumbi ya tattara wayoyin kafin su huda. Na fasa rediyona na ciro wanda ke bayan lasifika, muka cusa shi a curin dusa muka tura mata. Kwanakin da suka biyo sun yi mana wasa da hankali. Woɗe ta yi ƙarfi, tana tashi da kanta, tana tuƙa, don kara da ƙaro da kunu abinci ne na gaske ga wadda ta saba da kwali. Har na fara tsokanar Innarku cewa saniyarta ta fi kowace saniya a ƙasar nan, ta ci jirgin shinkafa da mutanensa. Ba ta yi dariya ba. Ita ce ta fara lura saniyar ta gantsare baya, tana nishi in ta taka, ta daina tuƙa. Sai ƙirjinta ya kumbura. Likitan ya dawo ya kara kunne ya daɗe, ya ce guda ta tsere wa mayen ƙarfen ta kai ga zuciya. Ya taɓa cikin kuma ya ce bai ji motsi ba, da wuya ɗan yana da rai. Ya ce in yanka tun ba ta zama mushe ba.

In yanka saniyar wa? Wanda ke da ikon cewa a yanka yana can wani daji bai ma san abin da ake ciki ba. Innarku ta ce a jira, ko Allah zai sa ta haihu. Na jira, ina kallon dabbar tana shan azabar da ƙusata ta jawo mata, har wata safiya ta kwanta ta miƙe wuya, idonta ya fara juyewa. Ban shawarci kowa ba na aika aka kira Ɗan Ladi mahauci. Ni na riƙe ƙahon. Da wuƙar ta ratsa na ji kamar gidan Sambo na yanka, da ubansa da kakansa.

Ɗan Ladi yana goge wuƙa, ni ina tsugune na kifa kai, sai muka ji ƙara daga ƙofar madafa. Innarku ce ta taho a guje, kallabinta ya faɗi ba ta waiwaye shi ba, matar da ko kaza ake yankawa takan kau da kai.

"Cikin na motsi! Ɗan Ladi, hwarka! Hwarka cikin maza!"

"Hajo, ɗan tayi na, ya mutu tun..."

"Na ga ƙahwa ta harba! Hwarka ko ka ba ni wuƙar!"

Ya farka. Ya zura hannu ya jawo ƙafafu biyu, sai ga abu ya sulluɓo ƙasa, jiƙe sharkaf, ba ya motsi. Ni dai na ƙame, ko yatsa na kasa ɗagawa. Innarku ta faɗa a kansa, ta share hancin da bakin zanenta, ta sa baki ta hura, ta murza haƙarƙarin, ta tsinko tsinke ta soka a ƙofar hancin. Shiru. Ta sake sokawa. Sai abin nan ya yi atishawa, ya girgiza kunne. Ɗan Ladi ya saki wuƙa ya ja da baya yana salati, ya ce tun da yake fawa bai taɓa ciro mai rai daga cikin matacciya ba. Ya ɗaga ƙafar baya ya duba. Mace ce, ja wur kamar uwarta.

Da ya buɗe tumbin ya kira ni in gani. Mayen ƙarfen ya zama kamar bushiya, wayoyi sun manne masa ta ko'ina, har da 'yar angar babban jirgi a tsakiya, wadda na cusa cikin jikinsa Innarku ba ta gan ta ba. Waya ɗaya tak ta kuɓuce masa. Na cire angar na wanke na sa a aljihu, inda mabuɗi yake zama da.

Ɗakin jirage ya zama ɗakin maraƙa. Innarku ta sayar da kwanonin jerenta ta sayi madarar gari, ta roƙi nonon akuya gida-gida, tana ɗura mata da kwalba da tsumma a baki. Ta daina zuwa biki da suna, ta daina fita ko rijiya, ba don tabon goshi ba, don kunyar abin da take gani ita ta yi. Mutane kuwa suka ce kulle na yi mata bayan duka. Da na sani a lokacin da na bi gida-gida na ƙaryata, amma hankalina yana kan hanyar da Sambo zai ɓullo.

Sai da ruwa ya sauka ƙasa ta yi kore sannan ya zo. Da ƙyar na gane shi. Ba ko akuya a bayansa, daga shi sai sanda, rigar tana yawo a jikinsa. Muka gaisa a tsakar gida, idonsa yana kan turken da babu kowa. Duk maganar da na shirya ta gudu. Na shiga na ɗauko fatar Woɗe na shimfiɗa a gabansa, na ɗora angar a kai, na gaya masa komai. Ya ɗauki angar yana juyawa.

"Mi ne wanga?"

"Anga. Ita ka riƙe jirgi kada ruwa ya tahi da shi."

Innarku ta fito ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa.

"Sambo, ni na ba ta. Malam ba shi gida."

Ya shafa fatar da tafin hannu.

"Hajo," ya ce, "nawa dut da ciki wohi sunka mutu. Ba wanda ya ba su ko jirgi. Ba a maganar haɓɓanaye da ta mutu. Tashi."

Ban kai ga gaya masa sauran ba, don na rasa ta inda zan fara, sai maraƙar ta yi kuka daga ɗaki. Sambo ya zabura kamar wanda kunama ta harba. Ya dube ni, ya dubi ƙofar. Innarku ta je ta buɗe, 'yar ja ta fito tana tangaɗi a kan dogayen ƙafafu. Sai ya yi wani irin kira a maƙogwaro, wanda na sha ji yana yi wa garkensa a gonata, kiran da maraƙar nan ba ta taɓa ji ba tun da aka ciro ta. Ta ɗaga kunnuwa, ta taho kai tsaye ta sa hanci a tafinsa. Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ɗauki abarka," na ce. "Ɗiyar Woɗe ta."

"A'a, Kaɗo. Ɗiyar hwari taka ta. Haka aka yi tun kakanni. In na amshe ta na ci haɓɓanaye, da wane ido za ni duban mutanena?"

Na yi rantsuwa, na yi faɗa, na ce shi da al'adarsu su je su ci kansu, mutum ba shi da ko kaza yana yi mini fulako. Ya ƙi. Ya miƙe zai ɗauki sandarsa ya fita hannu rabbana kamar yadda ya shigo. Sai Innarku ta yi magana daga bayana, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Malam, tun da taka ta, ɗaura mishi ita."

Na juya ina kallonta, sai can na gane. Na kwance igiyar Woɗe daga turke na sa wa maraƙar a wuya, na miƙa wa Sambo bakin igiyar.

"Ga haɓɓanaye na ɗaura maka. In ta haihu ukku ka maido min abata."

Ban taɓa jin inda ɗan dako ya ɗaura wa Bafillace saniya ba, shi ma na san bai taɓa ji ba. Ya ja rawaninsa ya rufe fuska har ido, ya tsaya haka, kafaɗunsa suna motsi. Sannan ya miƙo hannu ya karɓa. Angar kuwa bai mayar mini ba, ya ɗinke ta a fata ya rataya a cikin layunsa. Tsohuwar jar saniyar nan da ke bayan gida, wadda 'ya'yanku ke shan nononta in kun zo hutu, ita ce. Ya dawo da ita da ƙafarsa bayan haihuwa ta uku, da 'ya'yanta a bayansa suna rakiya.

Na yi shekara ban taɓa reza ba. Wata kaka Innarku ta shigo da damin karan dawa ta jefar a gabana, ta ce zaman da nake yi ina kallon bango ya ishe ta. Na ce ba na ƙara sa ƙarfe a kara har in mutu, ba ƙarfe kuwa jirgi ba ya tsayuwa.

"Yara da ka ƙera motar kara, da wace waya suka riƙe ta?" ta ce. "Ba da ɓawon karan ba?"

Haka ne kuwa. Tun daga ranar da tsinken ɓawon kara nake soke haƙarƙarin jiragena. Ba ya riƙewa kamar waya, shi ya sa duk wanda kuka gani a ɗakin nan yana da ɗan karkata in bazara ta yi, kai ma ka sha faɗa mini. Na sani, ina gani. Ƙofar kuma ba ta sake ganin kwaɗo ba. A ciki Innarku take zama da rana tana tsinkar zogale tana kushe mini aiki, kuma duk jirgin da na gama sai na miƙa mata. Takan ɓalli ɗan guntu daga wutsiya ta sa a baki ta tauna, tana kallon sama kamar mai ɗanɗana miya, sannan ta ce, "To, wanga saniya na iya ci." Sai ta faɗi haka nake ɗora shi a kan katako.

Saboda haka, Laminu, ka riƙe wayarka, Allah ya yi maka albarka. Jirgin ƙarshe da na ƙera na gama shi tun kafin azumi, yana nan a ƙasa kusa da tabarmarta. Ban ɗora shi a kan katako ba, don ba a ɗanɗana ba.